Digiri na biyu a shugabancin makaranta: abin da ya ba ni da inda ya gaza

Shekara goma sha shida na yi ina koyar da lissafi kafin a miƙo mini takardar riƙe wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin birni. Washegari aka ba ni makullai da hatimi da littafin sa hannun malamai, aka ce Allah ya taya riƙo. Ban da wannan addu'a, babu wani horo da na samu. Haka abin yake a wurinmu: wanda ya iya aji ko ya daɗe a aiki, shi ake ɗagawa a ba shi ofis, alhali koyar da yara daban, tafiyar da manya masu iyali da ra'ayinsu daban. Da na yi shekara biyu ina karo da bango, sai na sayi fom ɗin digiri na biyu a fannin gudanarwa da tsare-tsaren ilimi a wata jami'a a nan Kano, na ma'aikata, wanda ake yi Juma'a da yamma da kuma Asabar. Na kammala, kuma tunda abokan aiki suna ta tambayata ko ya cancanci kuɗin da wahalar, ga abin da na gani.

Sai na fara faɗin bangon da na yi karo da shi, don shi ya tura ni. A zangona na farko na shigo da tsarin shiga aji in zauna a baya in ga yadda malami ke koyarwa, da takarda a hannuna ina ba da maki. Na sanar a taron malamai, na tambaya ko akwai mai magana, aka yi tsit. Na ɗauka an yarda. Ranar da na shiga ajin wani dattijo mai koyar da Hausa, wanda ya fara aiki tun ina firamare, sai ya ajiye alli a kan tebur, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ajin nan, bismilla." Ya fita ya zauna a ƙarƙashin darbejiya. Yara suka zuba mini ido. Daga ranar, in na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Cikin wata biyu na naɗe takardun na jefa a durowa, na yanke a raina cewa malamaina ba sa son ci gaba.

Darasin da ya warware mini wannan ƙulli shi ne na tafiyar da sauyi a makaranta, a zango na biyu, kuma shi kaɗai ya biya ni kuɗina. Malamin da ya ɗauke mu ya taɓa riƙe makaranta kafin ya koma jami'a, kuma ana jin haka a bakinsa. Da zai yi mana bayanin Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a ɗan asalin Jamus da ya koma Amurka ya rasu a 1947, bai fara da allo ba. Ya ce mu tuna ƙanƙarar da ake sayarwa a leda da azumi. In kana son ta ɗauki siffar kofi, ba guduma za ka sa mata ba, sai dai ka bari ta narke, ka zuba a kofin, ka mayar firji ta sake daskarewa. Matakai uku ke nan: narkarwa, sauyawa, daskararwa. Ya ce mafi yawan shugabannin makarantu daga mataki na biyu suke farawa, shi ya sa abin ke farfashewa a hannunsu. Ina zaune a layi na uku, sai darbejiyar nan ta faɗo mini a rai.

Abin da ya fi shiga raina shi ne wata tambaya da ya sa muka rubuta a bangon littafinmu: wa zai rasa wani abu in wannan sauyi ya tabbata, kuma me zai rasa? Ban taɓa tambayar kaina haka ba. Ni abin da yara za su samu kawai nake lissafawa. Dattijon nan kuwa girmansa zai rasa. Sa'ar 'yar cikinsa ta zauna a bayan ajinsa da biro tana auna shi a gaban ɗalibai, waɗanda wasu iyayensu ma shi ya koyar. Shirun da aka yi a taron malamai kuma ba amincewa ba ce, kunya ce da kara, wadda kowane Bakano ya sani amma ni kujera ta mantar da ni.

An ba mu aikin gida mu gwada wani ƙaramin sauyi a makarantunmu mu rubuta yadda ta kaya. Sai na koma kan abin da ya kayar da ni. Wannan karon ban kira taro ba. Na same shi bayan an tashi, yana ɗaure littattafai a bayan babur, na gaishe shi na ce, "Baba Malam, alfarma na zo nema. Akwai sababbin malamai uku da aka turo mana, ba su san yadda ake riƙe aji mai cunkoso ba. Ko za ka bar su su zauna a ajinka su gani?" Ya daɗe yana kallon igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ai wannan ba komai, Hajiya. Su zo ranar Talata." Suka je. Bayan sati uku shi da kansa ya ce zai leƙa nasu ajin ya ga ko sun ɗauka. A ƙarshen zangon malamai suna shiga ajin juna bibbiyu, babu maki, babu takardar da za ta shiga fayil ɗin kowa, sai hira ta minti goma bayan darasi. Aji na farko da na ce a zo a duba a zagaye na biyu nawa ne, don har yanzu ina riƙe da lissafin aji ɗaya.

Mun karanta John Kotter na makarantar kasuwanci ta Harvard da matakansa takwas na kawo sauyi na 1996. Suna da amfani, musamman batun tara mutanen da za su tsaya maka kafin ka motsa, da neman ƙaramar nasara da wuri don mutane su ga alama. Amma da kamfani a ransa ya tsara su, kuma ana gani. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Michael Fullan na Kanada, wanda ya yi rayuwarsa a kan makarantu. Shi ya nuna cewa duk sabon tsari, in aka fara shi, aiki kan ja baya kafin ya miƙe, domin mutane sun saki abin da suka iya ba su riƙe sabon ba tukuna. Da na san wannan tun farko, da ban jefa takarduna a durowa a wata na biyu ba, daidai lokacin da ya kamata in daure.

Darasin tarihin manufofin ilimi na ɗauka haddar shekaru ce kawai, sai ya zama madubi. Ilimin firamare kyauta na 1976, inda yara suka zo fiye da yadda aka yi tanadi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, da ya fara aiki a 1982, da injinan koyon sana'a da aka shigo da su suka tsufa a cikin akwatuna a makarantu da yawa, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu wanda aka koya wa sarrafa su. Shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowane yaro da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. A nan gida kuma, ilimi kyauta kuma dole da aka shelanta a 2019, da dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Kowanne da kyakkyawar niyya ya zo, kuma kowanne a kan teburin shugaban makaranta yake sauka, shi zai mayar da takarda ta zama aiki da malaman da yake da su da azuzuwan da yake da su. Wannan ya sa na daina ganin kujerata a matsayin ta mai isar da saƙo.

Binciken kammalawa na yi shi a kan makarar ɗalibai da safe. Da, bulala da shara ne maganinmu, kuma ba su taɓa rage komai ba. Da na zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar kowacce da dalilinta: wata sai ta kai ƙannenta makaranta, wata sai ta sayar da ƙosai ko koko kafin ta sa yunifom, wata layin ruwa, wata kuɗin adaidaita sahu ne babu sai ta tako daga nesa. Na kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wato SBMC, wanda a da sai in ana neman gyaran rufi muke tuna shi. Mai unguwa da liman da wakiliyar iyaye mata suka karɓi abin kamar nasu. Liman ya yi magana a kai bayan sallar asuba, matan kwamitin suka bi gida-gida. Mu kuma muka daina rufe ƙofa muna tara yara a rana har darasi biyu su wuce. Makarar ba ta ƙare ba, amma layin bakin ƙofa ya ragu yadda kowa ke gani.

Inda karatun ya gaza kuwa ba kaɗan ba ne. Mafi girma, littattafan da aka ɗora mu a kai suna magana ne da shugaban makarantar Ingila ko Amurka, mai kasafin kuɗi a hannunsa, mai bakin magana a kan wa za a ɗauka aiki. Ni ba na ɗaukar malami, ba na sallamarsa, ba na ƙara masa albashi. Takardar canjin wurin aiki kan zo a tsakiyar zango ta ɗauke malamar kimiyya ɗaya tilo da nake da ita. Shugabancin da ba ka da abin bayarwa ko na hanawa, sai mutunci da iya zama da mutane, shi ne namu, kuma malami ɗaya ne kacal cikin waɗanda suka koyar da mu ya tsaya a kansa. Babu darasi ko ɗaya a kan aji mai ɗalibai fiye da kujeru, ko makarantar da ake raba ta safe da yamma, ko yadda za ka yi da iyayen da suka zo cire yarinya ana saura wata uku jarrabawar NECO. Komai kuma da Turanci aka yi shi, alhali ranar Litinin da Hausa zan tsaya gaban mai unguwa. Na sha zama da dare ina neman yadda zan faɗi abin da na koya ba tare da ya zama baƙo a kunnen mutane ba.

Sai tsarin tafiyar da karatun kansa. Sau da yawa na bar makaranta a gurguje ranar Juma'a, na keta cunkoson masu fitowa daga masallaci, na isa a ce malami ya yi tafiya, ba wanda aka sanar. Wasu malaman takardun da suka rubuta shekaru da suka wuce suke karanto mana. Mai duba bincikena mutumin kirki ne kuma gyaransa na da ma'ana, amma ɗalibai sun yi masa yawa, babi ɗaya ya kwana wata biyu a teburinsa. Sakamakon jarrabawa ma yakan makara, har abin da aka ce shekara biyu ya ɗauke ni kusan uku. Kuɗin rajista ba shi ne ya fi cin aljihu ba, kuɗin mota da data da buga takardu da ɗaure kundin bincike su ne ke tsotsa a hankali. Mace mai yara kuma ta san Asabar ɗinta ta tafi, da biki da suna da ziyara, sai ta samu fahimtar maigida da dangi tun kafin ta sayi fom.

Akwai wata riba da ba a rubuta a takardar shiga ba, wato abokan karatu. A ajinmu akwai hedimastocin firamare, da masu makarantun kuɗi, da shugabannin Islamiyyu, da jami'an duba makarantu, har da waɗanda ke zuwa daga Jigawa da Katsina. Hirar da muke yi a inuwa muna jiran malami ta koya mini abin da ba ya cikin manhaja. Daga bakin wani mai Islamiyya na koyi yadda ake gyara wa malami kuskure ba a gaban kowa ba, kuma a fara da tambayarsa lafiyar gida. Zaurenmu na WhatsApp yana nan da rai, in matsala ta taso da safe kafin azahar mutum biyar sun faɗi yadda suka yi da irinta.

Wanda ke riƙe da makaranta yanzu, ko mataimaki, ko shugaban sashe, ina ba shi shawara ya shiga, domin yana da inda zai gwada abin da ya ji ranar Asabar tun bai huce ba. Kafin ya biya, ya nemi waɗanda suka gama a wurin ya tambaye su wa ke koyar da darasin tafiyar da sauyi, kuma ko ya taɓa riƙe makaranta. Ya zaɓi batun bincike daga matsalar da ke hana shi barci a makarantarsa, ba wanda ya fi sauƙin samun littattafai ba. Wanda kuwa takardar kawai yake so don ƙarin girma, zai same ta, amma zai ji nauyin kowace Juma'a.

Baba Malam ya yi ritaya a ƙarshen shekarar karatun da ta wuce. A walimar sallama ya kira ɗaya daga cikin malaman nan uku, ya miƙa mata tsohon littafin shirin darasinsa mai bangon fata, ya ce ta riƙa barin sababbi suna zama a bayan ajinta. Wannan zangon mutum biyu ke zama, ranar Talata.