Wata Goma Ina Shan Asfirin Bayan Tiyatar Kansar Hanji

Bayan da aka yanke mini wani sashe na babban hanji saboda ciwon daji, ban yi tsammanin maganin da likita zai ɗora ni a kai na tsawon shekara uku shi ne asfirin ba, ƙwayar da kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa tun 1899, wadda kuma iyayenmu ke sha idan kai ya sara. Yanzu wata goma ke nan ina shan ƙwaya biyu masu miligiram 75 kowace rana bayan cin abinci.

Likitana bai rubuta mini shi da ka ba. Sai da aka aika wani yanki na tsiron da aka cire zuwa gwajin ƙwayoyin halitta, aka gano yana ɗauke da sauyin da ake kira PIK3CA, sannan ya amince. Hujjarsa ita ce binciken ALASCCA wanda Cibiyar Karolinska ta Suwidin ta jagoranta, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2025, inda aka ba majinyata masu irin wannan sauyi miligiram 160 a kullum na shekara uku, aka ga dawowar cutar ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Masu wannan sauyi da ire-irensa kuwa sun ɗan haura kashi ɗaya cikin uku ne kawai na majinyatan da aka gwada. Kuɗin gwajin, in faɗi gaskiya, ya ninka kuɗin asfirin na shekara ukun sau da yawa.

Watanni ukun farko sun wuce lafiya, in ban da ɗan jini da nake gani a dasashi idan na yi aswaki, da kuma yankan reza wajen aski wanda kan daɗe bai tsaya ba. A wata na huɗu ne na gane cewa maganin ba abin wasa ba ne. Gwiwa ta dame ni, na sayi maganin ciwo na diklofenak a kyamis na haɗa da asfirin har kwana biyar ba tare da na tambayi kowa ba, sai ƙirjina ya fara zafi, kuma wata safiya na ga bahayata ta yi baƙi ƙirin kamar kwalta. A asibiti aka tabbatar gyambon ciki ne ke zubar da jini, aka dakatar da asfirin na wasu makonni, aka ba ni omefrazol, maganin gyambon ciki, kuma likita ya yi mini faɗan da na san na cancanta. Har yau tare nake shan asfirin da omefrazol, sannan idan ciwo ya taso farasitamol kaɗai aka yarje mini.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu 'yan uwa da suka ji labarina suka fara sayen ƙwayar da sunan rigakafin ciwon daji. Binciken ASPREE na 2018, wanda ya ƙunshi tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka, ya nuna cewa masu shan miligiram 100 a kullum sun fi yawan zubar jini mai haɗari, har ma mace-macen ciwon daji sun ɗan fi yawa a cikinsu. Haka nan binciken ASCOLT, da aka yi wa masu kansar hanji ba tare da tantance ƙwayoyin halitta ba, bai nuna wata fa'ida a fili ba.

A hukuncina, ga wanda aka yi wa tiyata, gwaji ya nuna ya dace, kuma akwai likita mai bibiyarsa, asfirin ya cancanci yabo, domin da wuya a sami maganin ciwon daji mai wannan araha. Bai maye gurbin tiyata ko allurar kemo ba, kuma mai gyambon ciki, ko asma, ko mai shan maganin tsinka jini, bai kamata ya taɓa shi da ra'ayin kansa ba. Hoton cikin da aka ɗauke ni a watan jiya bai nuna komai ba, ko da yake likita ya ce wata goma ya yi kaɗan a ce asfirin ne ya yi aikin.