Baƙin panno ko shuɗi? Ga amsata ga ɗan'uwanmu na Karkada

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya wane panno na sola, wato faifan da ke mayar da hasken rana wutar lantarki, ya kamata ka saya, da kuma ko akwai rangwame. Tsakanin baƙin da ake kira mono da shuɗin da ake kira poli, ɗauki baƙin, kada ka tsaya shawara.

Ni na ɗora nawa bayan Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023. Guda biyu ne na kamfanin Jinko, masu watt 550. Azumin da ya biyo baya ya faɗo cikin tsananin zafi, amma firigo bai huta ba, fanka na juyawa har sahur. Hajiyarmu da ke fama da hawan jini ta samu barci, maƙwabta kuma suna aiko yara da kwano karɓar ƙanƙara kafin a sha ruwa. Wallahi duk sanda na tuna sai na ce alhamdulillahi.

Shuɗin na yi amfani da shi a da. Yana kawo wuta, amma ya cinye rufi, kuma manyan kamfanoni sun kusa daina ƙera shi.

Lambar watt da ke manne a bayan panno, a ɗakin gwaji aka auna ta, kan zafi digiri 25. Mu kuwa a Damagaram, watan Afrilu da Mayu iskar kanta ta haura 40, gilashin da ke kan kwano kuma yakan kai 65. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25, baƙin yana rasa wajen kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa, shuɗin wajen 0.4. Ka ga mai 550 da tsakar rana zai ba ka kamar 470, kafin ƙurar hunturu ta ci nata rabon. Shi ya sa a bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, a kuma goge shi da sassafe tun bai ɗau zafi ba.

Ka yi hattara da masu canja takardar baya. An taɓa sayar mini da wani an rubuta 300, da mai gyara ya auna ko rabi bai kai ba. Tafi kasuwa da abin awo: murabba'in mita ɗaya na baƙin kirki watt 200 zuwa 220 yake bayarwa. Mai 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya. In ka ga ɗan ƙarami da babbar lamba, juya ka tafi. Duba kuma lambar shaidar panno da ke cikin gilashi, ta dace da ta baya.

Batun rangwame da ka tambaya: mayar da kuɗin haraji da kake karantawa a intanet na mazauna ƙasashe irin su Amurka ne. A Nijar, a 2017 an yafe harajin duwan kan wasu kayan sola, kuma mai shigo da kaya ne ya samu wannan sauƙi. Duk wanda ya ce ka biya shi ya cika maka takardar tallafi, riƙe kuɗinka, ka ƙara su wajen sayen batir mai kyau.