Hattara da ejan-ejan masu sayar da "bizar aure" ta Ingila

Akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, musamman a zaurukan mata. Hoton fasfo a buɗe, tutar Birtaniya a gefe, sai rubutu cewa duk matar da mijinta ke Ingila za a sada su cikin mako uku: "ba jarrabawa, ba takardun banki, muna da mutum a ciki." Lambar waya ce kaɗai a ƙasa, babu adireshin ofis. Damfara ce, kuma ɓarnarta ta wuce kuɗin da ake asara, domin tana iya rufe wa mace ƙofar zuwa wurin mijinta na tsawon shekaru.

Ga yadda suke yi. Da farko za a nemi kafin alƙalami, a tura cikin asusun wani mutum wanda sau da yawa sunansa ma ya bambanta da na ejan ɗin. Sai a karɓi fasfo. Bayan kwanaki a turo hoton wata takarda mai tambari da lambar da ta fara da GWF, irin lambar da ake ba masu neman biza, don hankali ya kwanta. Daga nan a fara tatsa: an riƙe fayil, mutumin ciki yana son na goro, an ƙara kuɗin inshora. Wani ejan ɗin yakan kashe waya ya ɓace. Wani kuwa, kuma shi ya fi haɗari, yakan shigar da takardar neman da gaske, amma ya cika ta da jabun takardu da sunan matar.

Babu wani mutum a ciki. Cibiyoyin VFS Global da ke Abuja da Legas hoto da zanen yatsu suke ɗauka, su karɓi takardu. Ba su da ta cewa a kan wanda za a ba biza. Jami'an Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ne ke yanke hukunci, kuma mai nema daga waje yakan jira kimanin mako 12. Akwai kuɗin gaggawa na hukuma, amma saurin amsa kawai yake saya, bai canja amsar.

Tambayar farko da ejan ba zai taɓa yi ba ita ce: da wane matsayi mijin yake zaune a can? Bizar iyali ta miji ko mata tana buƙatar wanda ke can ya zama ɗan ƙasar Birtaniya ko Ayalan, ko mai izinin zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka, da wasu 'yan rukunai kaɗan. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki ba ta wannan ƙofar zai kawo iyalinsa ba, ƙa'idar tasa daban ce, kuma an ƙuntata ta. Tun 1 ga Janairun 2024, ɗalibin da ke digiri na biyu na darussan aji ba shi da ikon kawo matarsa, sai mai digirin bincike kamar na uku, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Tun 11 ga Maris na 2024 kuma, sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ba sa kawo iyali. Duk wanda ya karɓi kuɗin matar ɗalibin digiri na biyu na aji da alkawarin bizar zama, ya san sarai abin da ba zai yiwu ba yake sayarwa.

Sai batun kuɗin shiga, inda aka fi yin jabu. Tun 11 ga Afrilun 2024, dole mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. A da fam 18,600 ne, kuma har yanzu wasu ejan-ejan tsohon adadin suke faɗa wa mutane. Ga ma'aikacin da ya yi wata shida ko fiye a wuri ɗaya, ana son takardun albashi na wata shida, bayanan asusun banki na waɗannan watannin da ke nuna albashin ya shiga, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin muƙami da tsawon zama da yawan albashi. Takarda ta ƙarshe kada ta haura kwana 28 kafin ranar da aka shigar da nema. Jami'in da ke dubawa yana gwada takardar albashi da bayanin banki layi bayan layi, yana iya kiran kamfanin, yana kuma iya duba bayanan haraji. Takardar albashin da aka ƙera a shagon kwamfuta ba ta tsallake wannan.

In albashi bai kai ba, ana iya cikewa da ajiya. Wanda zai dogara da ajiya zalla yana buƙatar fam 88,500, kuma kuɗin ya zauna a asusun miji ko matar tsawon wata shida, a kuma bayyana inda aka samo shi. A nan ne ejan ke kawo dabarar hayar kuɗi: za a zuba miliyoyi a asusunki na 'yan kwanaki, a buga bayanin banki, a kwashe, ki biya kaso. Kuɗin aro ba ya cikin lissafi. Asusun da ya saba ganin dubu hamsin sai ga makudan kuɗi sun faɗo rana ɗaya, shi kansa shaida ne a kan mai shi. Ban da haka ma, ba ki san kuɗin wa aka bi da shi ta asusunki ba, kuma ranar da aka zo bincike sunanki za a tarar.

Wata dabarar da ke jan mutane saboda arha ita ce a ce: "Ki tafi da bizar ziyara, in kin sauka sai a juya ta." Ba a juyawa. Mai bizar ziyara ba ta da izinin ɗaura aure a rajista a can, kuma ba ta iya komawa bizar mata daga cikin ƙasar, sai ta dawo gida ta nema. Don bizar ziyarar ta fito, ejan yakan rubuta cewa matar ba ta da aure, ko ba ta da kowa a Birtaniya, ya haɗa mata wasiƙar aikin da ba ta taɓa yi ba. Ranar da za ta nemi bizar gaskiya, tsohon fom ɗin yana nan a ajiye tare da zanen yatsunta. Yaya za ta bayyana cewa a watan Maris ta ce ba ta da miji, alhali takardar aurenta ta nuna an ɗaura tun bara? Yaudara a neman bizar ziyara tana jawo hanin shekara 10. Cewa "ejan ne ya saka, ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum ba, domin doka ta ba jami'i damar ƙin bayarwa saboda jabun takarda ko da mai nema bai san da ita ba.

Ga waɗanda ba a ɗaura musu ba tukuna, hanyoyin halal biyu ne. Akwai bizar baiko ta wata shida: a shiga, a ɗaura aure cikin wa'adin, sannan a nemi izinin zama daga ciki. Ba a aiki da ita, kuma sharaɗin fam 29,000 yana kanta. Akwai kuma bizar zuwa ɗaurin aure kawai, ita ma wata shida, amma dole a fita bayan biki, ba a tsawaita ta. Wadda aka riga aka ɗaura mata a gida takan samu wata 33 a karon farko.

Takardar aure ma suna cin kasuwa da ita. Za su ce Turawa ba su san auren masallaci ba, sai satifiket na rajistar Ikoyi, su kuma za su samo shi ba sai kun je ba. Ƙa'idar Birtaniya ita ce auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, kuma kowane ɗayan biyun yana da ikon yinsa, karɓaɓɓe ne. Auren Musulunci da aka ɗaura a Kano ko Sakkwato aure ne a dokar Najeriya. Abin da ake buƙata shi ne takardar shaida ta gaskiya daga inda ke da hurumin bayarwa. In da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, a haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara, sa hannunsa, kwanan wata da yadda za a same shi. Kuma a sani, auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Ba takardar ado ba ce da magidanci zai karɓa don biza kawai, tana da hukuncinta a kan aurensa.

Ɗaurin aure ta hannun wakilai, yadda muka saba, bai ɓata komai ba. Sai dai akwai sharaɗi na daban: dole ma'auratan su taɓa haɗuwa ido da ido, kuma kowannensu ya cika shekara 18. Auren da aka ɗaura ango yana Manchesta bai taɓa ganin amarya ba sai a bidiyo, bizarsa ba za ta fito ba sai ya zo. Hotunan haɗi da ejan ke yi da kwamfuta ba su maye gurbin tambarin shiga Najeriya a fasfon ango. Mai mata biyu kuma ya sani, muddin uwargida ta riga ta shiga Birtaniya a matsayin matarsa kuma auren na nan, amarya ba za ta samu bizar mata ba. Shawarar a kai ta a matsayin ƙanwa ko 'yar aiki ƙarya ce da za ta bi ta har abada a fayil.

Jarrabawar Turanci da suke tsorata mata da ita ƙarama ce. Matakin A1, wato na farko, ake nema, magana da saurare kaɗai, babu rubutun insha'i, kuma irin ta IELTS Life Skills ba ta kai rabin awa ba. Ana tambayar suna, iyali, abinci, yadda ake wuni. Sakamakon yana da lambar da jami'i ke dubawa kai tsaye a rumbun masu shirya jarrabawar, don haka satifiket ɗin saye ba shi da amfani. Wadda ta yi digiri da Turanci a jami'ar Najeriya tana iya tantance shi ta hannun Ecctis, cibiyar da ke tantance wa Birtaniya takardun karatu na ƙasashen waje, a madadin jarrabawar. Gwajin tarin fuka kuma a asibitin da aka amince da shi kaɗai ake yi, kamar cibiyoyin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, na Abuja da Legas, kuma takardar wata shida take aiki. Mai juna biyu ta faɗa tun wurin yin rajista, domin akwai zaɓin gwajin majina maimakon hoton ƙirji, sai dai sakamakonsa na iya ɗaukar har mako takwas, a saka wannan a lissafi.

Kuɗin hukuma ba ɓoyayye ba ne. A jadawalin Afrilun 2025, kuɗin neman bizar iyali daga waje fam 1,938 ne. Kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 ne a shekara, wanda ke kamawa fam 3,105 ga bizar wata 33, domin a matsayin shekara uku ake lissafa ta. Suna canjawa, don haka a duba gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, ranar biya, kuma a shafin ake biya da kati, ba a asusun kowa ba. In aka ƙi ba da biza ana mayar da kuɗin lafiya, amma na nema ya tafi. Ejan da ya karɓa a hannu yakan haɗiye har wanda aka mayar.

Neman taimako wajen cike fom ba laifi ba ne. Amma imel da lambar wayar da ke kan fom su zama naku, kalmar sirri tana hannunku, domin yanzu izinin zama a asusun intanet yake, wanda ya riƙe asusun ya riƙe ku. Ku karanta kowane shafi kafin a aika, ku ga kowace takarda da aka ɗora. In za a ɗauki mai ba da shawara a Birtaniya, mijin ya duba sunansa a rajistar IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC, ko ta lauyoyi ta SRA. Ejan da ke zaune a Najeriya babu ɗaya daga cikinsu da ke sa masa ido.

Wanda ya riga ya biya, ya daina ƙarawa ko da an yi masa barazanar cewa fayil zai lalace. A adana rasitan tura kuɗi, lambar asusun, saƙonnin murya da hotunan hira kafin ya goge su. A sanar da banki nan take, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. In fasfo na hannunsa ya ƙi bayarwa, a karɓi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu a kai Hukumar Shige da Fice. In kuma ya riga ya shigar da nema da takardun da ba ku gani ba, mijin ya samu lauya mai rajista a can cikin gaggawa, a duba yiwuwar janyewa kafin a yanke hukunci, sannan a faɗi abin da ya faru dalla-dalla a nema na gaba.