Akwatin labari mai kati ya raba yarana da waya, amma jan maɓallin nan ya cuce mu

Masu tambayata a kan akwatin yara mai kati, wanda ake saka wa kati ya kunna labari da murya ba hoto, da ake ta talla a WhatsApp da Instagram, ga amsarku a wuri ɗaya. Ba na manyan kamfanonin nan nake nufi ba. Toniebox na Jamus da ya fito a 2016, wanda ake ɗora wa 'yar tsana a ka ya fara magana, da Yoto na Ingila mai kati, a hoto kawai na san su, kuma kowa ya san abin da za su kama a naira kafin su iso Kano. Nawa irin na kwaikwayo ne da masu oda ke kawowa, kun san su, kun san kuɗinsa. Yana zuwa da katunan da aka cika, da farare waɗanda ba komai a kansu, sai igiyar caji.

Abin da ya kai ni saye shi ne babban yarona. Shekararsa huɗu, amma loma ba ta shiga bakinsa sai an jingina masa waya a gaba, ga ƙanwarsa 'yar shekara biyu ta fara ɗauka. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai cika shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban kallo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A gidana awa ɗayar nan kan ƙare tun kafin azahar, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Da farko na ɗauka kuɗina sun tafi a banza. Katunan da ya zo da su duk Turanci ne, irin mai sauri da ko ni sai na kasa kunne. Yaron ya saurara kaɗan, ya jujjuya akwatin yana neman inda hoto zai fito, da bai gani ba ya ture shi ya miƙo hannu a ba shi waya. Babansu ya jona shi da kwamfuta ya zuba masa karatun Minshawi, wanda yake karantawa yara suna maimaitawa, daga Nasi zuwa Amma. Wannan ya ɗan karɓu, musamman da safe kafin Islamiyya. Amma waya tana nan a matsayinta.

Zuwan Hajiya, mahaifiyar babansu, daga Zariya lokacin Babbar Sallah shi ya canja komai. Na nuna mata fararen katunan, na ce Hajiya ko za ki yi wa maigidanki tatsuniya a ciki, ya riƙa ji in kin tafi. Ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, a bari sai an yi isha. Da dare kuwa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na saka kati na danna, ta gyara zama ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yaron ya amsa da ƙarfi "Ta zo mu ji ta." Haka aka yi ta yi kullum dare har ta koma. Ta yi na Gizo da Ƙoƙi, ta yi na Dodo da yarinyar da ta ƙi jin magana, ta yi na kura da ɗan akuya, duk da waƙoƙinsu. In ta zo kan Gizo sai ta maƙale harshe ta yi irin tsamin bakinsa, yaron ya kwanta ƙasa don dariya, dariyar ma ta shiga cikin ɗaukar. Har kukan ragon maƙwabta ana ji a wani katin. Katuna bakwai ta cika mana.

Wallahi abin da na gani bayan tafiyarta ban taɓa zaton zan gani ba. Yaron ya zana Gizo a katin Gizo, ya zana wani abu mai haƙora a na Dodo, don ya riƙa gane su tunda bai iya karatu ba. Shi yake zaɓa, shi yake sakawa, ba ya neman kowa. In an zuba abinci ya ɗauko akwatinsa ya ajiye gefen kwano, yana ci yana amsa wa Hajiya. Kunne yana aiki, hannu yana wasa da ƙasa ko da murafen kwalba, ido ba ya kafe a wuri ɗaya kamar da. Ya fara kawo mini kalmomin da rabona da ji tun ina ƙarama, rumbu, gafiya, faifai, akushi, yana tambaya mene ne. Ran nan na ji shi ya zaunar da ƙanwarsa yana ba ta labarin kura daga kansa, ya rufe da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera." Na tsaya bayan ƙofa hawaye na zubo mini. A lokacin nan, da za ku tambaye ni, cewa zan yi kowace uwa ta saya ko da bashi ne, kuma na faɗa wa mata da yawa haka a gidan suna.

To ga inda aka ɓata. Katin nan ba murya a cikinsa. Wani ɗan ƙaramin abu ne a ciki irin na katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura, lamba kawai yake ɗauke da ita. Akwatin ne ke karanta lambar ya kunna muryar da aka ɗaura mata a cikinsa. Babansu tun Hajiya na nan ya so ya kwafe tatsuniyoyin ya adana, ya jona da kwamfuta, sai ga karatun da ya zuba yana nan, amma abin da akwatin ya ɗauka da kansa ba ya fitowa ko ta ina. Ke nan kwafi ɗaya ne tak a duniya. Sannan maɓallin ɗaukar murya ja ne, babba, a baya daidai inda yatsun yaro ke sauka in ya rungume akwatin. In akwai kati a ciki aka danne shi na ɗan lokaci, sai ya yi ƙara sau ɗaya ya fara sabuwar ɗauka a kan tsohuwar. Ba ya tambaya, ba shi da makulli, ba hanyar dawo da abin da ya tafi.

Wata ranar Asabar ina kicin ina daka, auta ta samu akwatin da katunan a ɗaki. Ta ga yadda ake yi lokacin Hajiya, sai ta zauna tana saka su ɗaya bayan ɗaya tana danna jan maɓallin tana gwarancinta. Ba wanda ya sani sai dare. Yaron ya saka katin Gizo, maimakon muryar kakarsa sai ga gwarancin ƙanwarsa da ƙarar turmina daga nesa. Ya cire ya mayar, ya goge katin da rigarsa ya sake sakawa. Ya ɗauko na Dodo, shi ma haka. Biyar daga cikin bakwai sun tafi. Kukan da ya yi a daren nan ba irin na rigima ba ne, yana ta cewa "Umma ki dawo mini da Hajiya," ni kuma ba abin da zan iya. Da ƙyar ya yi barci yana ajiyar zuciya.

Ku gaya mini, wane irin mutum ne zai ƙera abu don yara 'yan shekara biyu zuwa biyar, ya rubuta haka a kwali, sannan ya sa maɓallin da ke goge komai a inda ya fi sauƙin dannawa, ya kuma yi masa launin da ya fi jan idon yaro? Batirin sun rufe shi da kusa, sun san yaro zai taɓa. Me ya hana su yi wa wannan haka? Na karanta 'yar takardar da ke ciki daga farko har ƙarshe, Turanci da Sinanci, an faɗi yadda ake ɗauka, ba a ce uffan ba a kan cewa sabuwa tana cinye tsohuwa.

Na yi wa mai sayarwar magana da safe. Amsarta: "Ayya Maman yara, ki yi haƙuri, haka suke zuwa." Bayan ɗan lokaci ta turo mini hoton sababbin fararen katuna da kuɗinsu. Na ce ba kati na rasa ba, muryar surukata na rasa, ko za ta tambayi waɗanda take saro wa in akwai dabara. Tun daga nan saƙona yana shiga, ana karantawa, ba amsa.

Da muka kira Hajiya dariya ta yi, ta ce ai kishiyarta ce, ta ji ana hira da miji ba da ita ba. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata, ta sa wani jikanta ya ɗauke ta a waya ya turo. Nan ma wata wahalar. Saƙon murya na WhatsApp ba mp3 ba ne, akwatin kuma mp3 kaɗai yake ganewa, sai babansu ya juya kowanne a kwamfuta kafin ya shiga. Kuma ba ɗaya ba ne. Tana magana da waya ne, ba yaro a gabanta, ba mai amsa mata, sai ta riƙa sauri tana tsallake waƙoƙin, ga tarin da ke damunta in sanyi ya shigo. Yaron ya saurara sau ɗaya ya ce wannan ba ta Gizonsa ba ce.

Tun daga ranar na fara ganin sauran aibobin da na kau da kai a kansu. Cajin ba ya kai abin da aka rubuta a kwali, ga mu da wutar da sai ta ga dama. Ramin cajin ya fara lilo, sai an tokare igiyar. Ƙararsa in an ƙure ta yi wa kunnen yaro yawa, ba kuma yadda za a yi uwa ta ƙayyade ta, ga auta da son manna shi a kunne.

Duk da haka ban iya cewa na yi da-na-sanin saye ba, don har yau yaron bai koma wa waya lokacin cin abinci ba. Katuna biyun da suka tsira ya haddace su, karatunsa na Islamiyya ma malaminsu ya yaba. Amma na daina cewa kowa ta saya. Wadda ta riga ta saya, ta samu murfin kwalba ta kifa a kan jan maɓallin ta naɗe da salatif tun yau, haka na yi wa namu. In za a ɗauki muryar tsoho, a ajiye waya a gefe tana ɗauka tare. Matan da na zuga a gidan suna na bi su ɗaya ɗaya na faɗa musu. Ita kuwa mai sayarwar har jiya tana saka tallarsa, har da hoton jan maɓallin a matsayin abin burgewa, ba ta ƙara ko layi ɗaya na gargaɗi ba.