Na'urar RFID mai buɗe wa mota get daga nesa: abin da na gani bayan mun kafa ta

Duk wanda ya tambaye ni ko na'urar nan ta RFID, wato mai karanta sitikar mota daga nesa ta siginar rediyo, ta cancanci a kafa ta a bakin get, zan ce masa ta cancanta. Sai dai abin da masu tallata ta suka fi bugun ƙirji da shi, wato nisan da take iya hangowa, shi ne ya fi ba mu wahala. A jikin kwali za ka ga an rubuta mita 10 ko mita 12 da manyan baƙaƙe, har mutum ya ɗauka cewa yawan nisan shi ne ingancin. Da aka zo wurin aiki, sai ya zamana babbar dabarar ita ce a hana na'urar ganin abin da bai kamata ta gani ba.

Ni ke kula da shige da ficen motoci a wani rukunin gidaje mai hanyar shiga ɗaya da ta fita ɗaya, kowacce da sandar da ke ɗagawa ta sauka. Kafin wannan, kati muke amfani da shi, irin wanda sai an kai shi dab da akwati kafin ya yi ƙara. Direba zai tsaya, ya sauke gilashi, ya miƙa hannu, wani lokaci ma sai ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa waje saboda bai matso sosai ba. Idan ana ruwa kuwa, ko lokacin da kowa ke dawowa daga aiki, layi kan miƙe har titi. Tsofaffi da masu ciwon kafaɗa ne suka fi ba ni tausayi. Wannan ne ya sa muka nemi wata hanya.

Yadda abin yake aiki bai da wuyar fahimta. Sitikar da ake mannawa a gilashin mota ba ta da batir. A cikinta akwai ɗan ƙaramin guntun lantarki da siririyar eriya. Na'urar da ke bakin get tana watsa siginar rediyo, sitikar ta tsotsi ƙarfi daga wannan siginar ta farka, sannan ta mayar da lambarta ta hanyar sauya yadda siginar ke komawa. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Tamu tana bin EPC Gen2, ƙa'idar yadda na'ura da sitika ke magana da juna, wadda aka amince da ita a 2004, daga baya ta shiga cikin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO 18000. Amfanin wannan shi ne ba a ɗaure ka da kamfani ɗaya ba, sitikar wani kamfani za ta yi magana da na'urar wani. Abin lura shi ne zangon rediyon: a Turai ana aiki tsakanin megahaz 865 zuwa 868, a Amurka kuma 902 zuwa 928. Kowace ƙasa da abin da hukumar sadarwarta ta halatta, don haka a tabbatar da wannan kafin a sayi komai.

Ɗora na'urar kanta ba wani aiki ba ne. Ƙarfe aka kafa a gefen direba, aka ɗaure ta sama da mita 2 kaɗan, aka ɗan sunkuyar da fuskarta tana kallon inda gilashin mota zai biyo. Mun zaɓi mai eriyar da siginarta ke juyawa, domin irin wannan ba ta damu sosai da ko an manna sitika a tsaye ko a kwance ba. Ɗaya nau'in ya fi kai wa nesa, amma sai kowa ya manna tasa ta fuska ɗaya, kuma kowa ya san mutane ba za su yi haka ba.

Da aka kunna ta da cikakken ƙarfinta, sai sanda ta fara ɗagawa ba tare da kowa a gabanta ba. Motar da ke fita, na'urar shiga ta karanta ta. Motar da aka ajiye a cikin gida kusa da get, ita ma ana ta karanta ta ba dare ba rana. Har motar wani mazaunin gida da ya zo wucewa ta titi bai da niyyar shiga, sanda ta ɗaga masa. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne ƙofar ƙarfe da ke gefe. Siginar tana dukan ƙarfe ta karkata, kamar yadda haske ke dukan madubi ya faɗa wani wuri, sai ka ga an karanta sitikar da take bayan na'urar ma. Get ɗin da ke buɗewa da kansa ya fi wanda babu na'ura a cikinsa haɗari, domin kowa ya saki jiki yana ganin akwai tsaro.

Abu biyu suka gyara wannan. Na farko rage ƙarfin watsawa. A manhajar saiti ana auna shi da dBm, inda 30 ke nufin wat ɗaya, kuma duk ragin 3 yana raba ƙarfin gida biyu. Mai haɗa mana kayan ya tsayar da mota a daidai wurin da muke son a karanta ta, yana ragewa kaɗan-kaɗan har na'urar ta daina gani, sannan ya ƙara ɗan abin da zai ba da rata. Daga ƙarshe a kan mita 4 zuwa 5 muka tsaya, wanda bai wuce rabin abin da aka rubuta a kwali ba, kuma a nan ne ta fara aiki yadda ake so.

Na biyu shi ne zoben waya da ake binnewa a ƙasa. Ana yanka kwalta ko siminti, a nannaɗe waya a cikin tsagar, a rufe. Idan ƙarfen mota ya hau kansa, wani ɗan akwati zai ji sauyin ya ba da sanarwa. Muka saita na'urar ta yi shiru har sai zoben ya ce ga mota. Daga ranar sanda ba ta sake ɗagawa a banza ba. Akwai zobe na biyu a ƙarƙashin sandar kanta, wanda ke hana ta saukowa muddin mota na wurin. Wannan yankan ƙasa shi ne ɓangaren da ya fi ƙura da ɓata lokaci, kuma na lura mutane da yawa suna son tsallake shi don a gama da wuri. Ina roƙon kada a tsallake. Zoben farko yana tsare gida, na biyu yana tsare rufin motar mutane da kawunan da ke cikinta.

Sai maganar gilashi, wadda babu wanda ya gaya mana tun farko. Wasu motoci, musamman na zamani masu tsada, gilashinsu na gaba yana da wani siririn shafe na ƙarfe da ke rage zafin rana, wasu kuma suna da siraran wayoyin ɗumama gilashi. Wannan shafen yana tare siginar kusan gaba ɗaya. Mai mota zai zo a fusace yana cewa an ba shi sitikar banza, alhali lafiyarta ƙalau. Yawancin irin waɗannan motoci an bar musu wani wuri marar shafe kusa da madubin tsakiya, galibi inda ake ganin ɗigo-ɗigon baƙi, kuma littafin motar yakan nuna wurin. Wanda aka rasa masa wuri, sai muka koma ga sitikar da ake mannawa a kan fitilar gaba. Tana aiki sosai, illa dai tana shan rana da ruwa da wanki, ba za ta kai ta cikin mota daɗewa ba.

A nan ma akwai wani abu da ke yaudarar mutane wurin gwaji. Sitikar gilashi an tsara ta ne don ta yi aiki a manne da gilashi. Idan ka riƙe ta a tafin hannu kana ɗagawa gaban na'ura, jikinka mai cike da ruwa zai shanye siginar, ka ɗauka ba ta da kyau. Idan ka ɗora ta kan ƙarfe kai tsaye, ta mutu ke nan sai dai idan irin wadda aka yi don ƙarfe ce. A gwada da selotef a jikin gilashin motar kafin a ɓare gam, domin masu kyau an yi su ne yadda za su yage da zarar an nemi ɓamɓare su. Ina son wannan siffar ƙwarai. Ita ce ke hana mutum cire tasa ya ba wani.

Ɓangaren da na fi daɗewa a kai shi ne lambobin. Na'urar tana aika lamba zuwa akwatin sarrafa get ta hanyar Wiegand, tsohuwar hanya mai wayoyin bayanai biyu da ta ƙasa. Tsarin da aka fi sani mai bit 26 ne (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1 a lissafin kwamfuta): 8 na lambar wuri, 16 na lambar kati, 2 na tantance kuskure. Ke nan bit 24 kacal ke ɗauke da shaida, lambar katin kuma ba ta wuce 65,535. Ita kuwa lambar EPC da ke cikin sitika yawanci bit 96 ce. Dole na'urar ta yanko wani yanki ta aika, ta watsar da sauran. Idan yankin da ta yanko ya zo ɗaya a sitiku biyu, akwatin zai ɗauke su mota ɗaya. Mun ci karo da wannan a cikin wani ƙunshin sitiku, inda littafin shiga ya riƙa nuna mota guda ta shigo sau biyu ba ta fita ba. Sai da aka sauya wurin da ake yankowa, aka sake yi wa kowa rajista.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna. Lambar EPC ana iya rubuta ta, ana iya sake ta. Wanda yake da na'urar hannu zai iya karanta ta daga nesa ya kwafe a wata sitikar, idan ba a ɗauki mataki ba. Akwai wata lambar a cikin guntun lantarkin sitikar, TID, wadda masana'anta ke kullewa tun daga tushe, kwafarta ta fi wuya nesa ba kusa ba. Na nace sai an saita tamu ta dogara da TID, duk da cewa karatun yakan ɗan ƙara jinkiri. Sabon fasalin Gen2 na 2013 ya zo da damar tantance sitika ta hanyar sirranta bayanai, amma sai na'ura da sitika duka suna da wannan damar, tamu kuwa ba ta da ita. Wayar Wiegand ma a buɗe take aika lamba, ba ta ɓoye komai, kuma akwatin ba zai san an cire na'urar ba. Akwai OSDP, sabuwar hanyar haɗa na'ura da akwati a madadin Wiegand, mai sirranta bayanai, wadda ta zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2020. Duk mai sayen sabon akwati yau, ita zan ce ya nema.

Wuta da yanayi ba su ba mu matsala mai yawa ba, don an yi aikin da hankali. Na'urar tana cin bolt 12, kuma idan wayar ta yi tsawo ta yi siriri, ƙarfin yakan zube a hanya, sai nisan karatu ya riƙa hawa da sauka ba dalili. An kawo mata wutarta kusa, an sa kariyar tsawa da wayar ƙasa mai kyau, an kuma lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga jikinta don ruwa ya ɗiga waje. Rufin jikinta mai matakin IP65 ne a ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa, ya jure ƙura da ruwan sama. Idan ana tafka ruwa nisan yakan ɗan ragu, amma ratar da aka bari wurin saiti ta rufe wannan.

Manhajar saitin ita ce mafi rauni a cikin kayan. Fassararta ba ta da kyau, sunayen maɓallai ba sa nuna aikinsu, littafin da ya zo da ita kuma shafuka ne kaɗan. Saitin da ke hana na'ura aika lamba ɗaya sau goma a daƙiƙa guda yana ɓoye a wani lungu. Wanda bai taɓa haɗa irinta ba zai sha wuya, kuma ina ganin bai dace kamfani ya yi na'ura mai kyau haka ya bar mai saye yana lalube ba.

Yanzu mota tana tahowa a hankali, sanda ta ɗaga, ta wuce, gilashi a rufe. Layin nan na yamma ya ɓace. Idan mutum ya tashi daga gidan, a kwamfuta ake goge lambarsa, ba sai an bi shi ana neman kati ba. Mazauna sun ji daɗi, musamman waɗanda miƙa hannu ke yi wa wuya.

Amma ba mu sallami maigadi ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya sallami nasa ba. Na'urar gilashi ta sani, ba ta san wanda ke riƙe da sitiyari ba. Wanda ya sace mota daga ciki, sandar fita za ta ɗaga masa kamar yadda take ɗaga wa mai ita. Wanda ya manne a bayan motar da aka buɗe wa, zai bi ta ya shige kafin sanda ta sauko, zoben kariya ma shi zai riƙe masa sandar. Baƙi, masu kawo kaya, motar asibiti, duk mutum ne zai yanke hukunci a kansu. Shi ya sa muka bar maɓallin buɗewa da hannu a ɗakin gadi, muka ƙara kyamara, muka kuma sa da dare na'urar fita ta daina buɗewa da kanta sai maigadi ya duba fuska.

Akwai kuma littafin da na'urar ke ajiyewa, mai nuna lokacin fitar kowace mota da dawowarta. Wannan sirrin mutane ne, kuma amana ce a hannun mai kula da get. Mun taƙaita masu iya buɗe shi, mun sa yana goge kansa bayan wani lokaci, mun kuma gaya wa kowane mazauni abin da ake ajiyewa kafin a manna masa sitika. Wasu sun yi tambayoyi masu zafi a kai, kuma suna da gaskiyar yin haka. Mutum biyu sun ce ba sa so, sai muka bar musu tsohon katinsu, akwatin kuwa yana karɓar duka biyun.