Maganin kaska: na feshi, na zubawa a baya ko allura, wanne ya dace da shanunka?

Da ruwa ya sauka a ƙasar Katsina da Daura, wajen watan Yuni, kaska take fitowa, kuma a lokacin ne shanun huɗa suke cikin aiki, madara ta fara yawa. Mai shanu ya shiga shagon magungunan dabbobi, a jera masa kwalabe masu hoton sa iri-iri, galibi ya ɗauki mai araha ko wadda maƙwabcinsa ya saya. Kafin ka ciro kuɗi, ka fara duba irin kaskar da ke jikin dabbarka, domin ita ce za ta zaɓa maka magani.

Wadda ta fi ɓarna a wajenmu ita ce babbar nan mai zanen ruwan goro a baya, mai dogon baki, wadda likitoci ke kira Amblyomma. Tana kama hantsa, maraina, hammata da ƙasan ƙirji. Cizonta kan lalata kan nonon saniya har ya toshe, ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa, kuma tana ɗauke da ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, wanda dabba ke zagaye wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure. Akwai ƙaramar mai launin toka-toka, Boophilus, da ke yin kusan mako uku a jikin dabba ɗaya, a wuya da kafaɗa. Ita ke kawo zazzaɓin jan fitsari da wanda ke sa ido da dasashi su yi ɗorawa. Ta uku, Hyalomma, mai ƙafafu ratsi-ratsi, tana son ƙarƙashin wutsiya. Kada a murje ta da yatsa, don tana iya sa wa mutum zazzaɓi mai zubar da jini.

Ga mai garke, mun fi ba da shawarar amitraz na feshi, wanda ake samu da sunaye kamar Taktic da Milbitraz. Mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari ana zuba mililita 2 a kowace litar ruwa, wato mililita 32 a tankin goyo mai lita 16, ko 40 a mai lita 20. Babbar saniya na buƙatar lita 4 zuwa 5 kafin ta jiƙe har fata, saboda haka tanki ɗaya shanu huɗu ne, in an matsa biyar. A nan ne mafi yawan mutane ke yin asara: sai a watsa tanki guda a kan shanu ashirin daga nesa, gashin baya ya ɗan yi laima, kaskar da ke hantsa ko ɗigo bai taɓa ta ba, sannan a ce maganin jabu ne. A kama dabba, a fara daga ƙafafu, a bi tsakanin kofato, domin nan babbar kaskar ke fara maƙalewa a wurin kiwo kafin ta hau sama idan dabba ta kwanta. Daga nan ciki, hantsa, ƙarƙashin wutsiya, sai baya da kunne, ana fesawa saɓanin kwanciyar gashi. A tsakiyar damina ana maimaitawa duk mako ɗaya zuwa biyu. Kwalbar lita ɗaya tana haɗa lita 500, kusan wankan shanu ɗari, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi.

Aibinsa biyu ne. Wanda aka haɗa da ruwa ba ya kwana, ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka a haɗa daidai na ranar. Na biyun ya fi muhimmanci a gidajen da ke da dawakin hawan salla: amitraz guba ne ga doki da jaki, yana tsayar musu da hanji har ya kai ga mutuwa. Ko ragowar tanki kada a fesa musu.

Na zubawa a baya, irin flumethrin mai kashi 1 da ake sayarwa da sunan Bayticol, shi ya dace da manomin da ke da shanun huɗa biyu ko mai turka sa ɗaya a gida. Ba tanki, ba ɗiban ruwa. Mililita 1 ga kowane kilo 10, a zuba daga bayan tozo zuwa gindin wutsiya, maganin ya bi maiƙon fata ya yaɗu. Sa mai kilo 300 zai ci mililita 30, ka ga lita ɗaya ba ta wuce zubi talatin da 'yan kai ba, kuma ta fi amitraz tsada. Yakan riƙe mako biyu zuwa uku. Kada a zuba wa dabbar da ta jiƙe ko idan hadari ya haɗu. Kuma a yi ƙiyasin nauyi da gaskiya, mai rage awo don kwalba ta daɗe kaskar yake koya wa jure magani.

Allurar ivermectin, mililita 1 ga kilo 50 a ƙarƙashin fata, tana da farin jini saboda tana kashe tsutsar ciki da ƙazuwa. Tana rage ƙaramar kaska, amma aikinta a kan babbar kaɗan ne, don haka ba ita za ka dogara da ita da damina ba. Ba a yi wa saniyar da ake tatsa don sha ko sayar da nono, kuma bijimin da za a yanka sai ya cika kwanakin da ke rubuce a kwalba, waɗanda sukan haura wata guda.

Maganin feshin wake da na sauro irin fiya-fiya, da baƙin mai da kalanzir, ba na dabba ba ne. Suna ƙona fata, suna shiga madarar da yara za su sha, maruƙa kuma na mutuwa da su.

Idan ka tsayar da wanda za ka saya, juya kwalbar ka karanta sunan sinadarin da ƙarfinsa, ka duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da hatimin murfi. Ka guji wanda aka ɗura a gorar ruwa a kasuwa ko ya yini a rana. Cypermethrin, deltamethrin da flumethrin 'yan gida ɗaya ne, idan ɗaya ya daina aiki duk da awo daidai, sauya sunan kamfani ba zai amfana ba, sai a koma amitraz. Dabbar da aka sayo daga Mai'adua, Charanchi ko Jibiya a yi mata wanka a ware ta kafin ta shiga garke, shanun madara masu jinin Turai kuwa sun fi Bunaji da Rahaji saurin faɗuwa, kulawarsu ta fi tsanani.

Duk waɗannan kaska suke kashewa, ba sa warkar da dabbar da ciwo ya riga ya kama. Jan fitsari da zazzaɓi na buƙatar diminazene ko imidocarb, ɗorawar ido da ciwon zagaye na buƙatar oxytetracycline da wuri. A kira likitan dabbobi ranar da aka ga alamar, domin ciwon zagaye kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu bayan dabba ta fara faɗuwa.