Sharhi kan reshen bankin da bai daɗe a garinmu ba

Reshen bankin da aka buɗe a garinmu a farkon shekarun 2000 bai cika shekara uku yana aiki ba, amma ina cikin waɗanda suka buɗe asusun ajiya tun watanninsa na farko, kuma har yau ina yaba aikin da ya yi mana. Kafin zuwansa, mu malaman makaranta sai mun hau mota zuwa babban birnin jiha domin cire kuɗi, 'yan hatsi kuwa a gida suke kwana da cinikin ranar kasuwa cikin fargaba.

Ma'aikatan sun san darajar mutane. Akwai wani akawu da yake cike wa dattawan da ba su yi boko ba takardar cire kuɗi, ya karanta musu adadin da Hausa, sannan ya miƙa musu tawada su dangwala, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ko da layi ya kai bakin ƙofa. Aibin reshen a wurina shi ne jinkiri a ƙarshen wata, musamman idan janareta ya ƙi tashi.

Abin da ya kawo ƙarshensa daga Abuja ya taso. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, lamarin da ya sa bankuna 89 suka koma 25. Namu ya haɗe da wasu, sabbin shugabannin kuma suka ga reshen ƙaramin gari ba ya kawo ribar da za ta riƙe shi.

Ban ga laifin gyaran ba, domin bankunan da ba su da ƙarfi sun sha durƙushewa da dukiyar jama'a, kuma mu ko kobo ba mu rasa ba. Yadda aka rufe reshen ne ya ɓata mini rai. Takarda guda aka manna a ƙofa, da Turanci kawai, tana cewa an mayar da asusunmu birni, alhali yawancin masu ajiyar ba sa iya karanta ta. Tsofaffi sun yi ta zarya da littafin ajiyarsu a hannu suna tambayar mai gadi, wasu kuma da suka karɓo kuɗinsu daga birni ba su sake yarda da banki ba, suka koma adashi da sayen dabbobi.